Jibrilla da Waƙar Ƙofofin Zango

Jibrilla mai gyaran firij ne a unguwar Tampouy, amma a Zangouettin, wato Zango, aka haife shi, yana ɗan yaro aka rushe unguwar. Bara waccan ya sayi gitar lantarki ta gwanjo, ya jawo Rasmane, abokinsa tun suna 'yan makarantar lakwal, ya riƙa buga ganguna, sannan ya lallashi Baba Illiya mai gurmi ya zauna tsakaninsu. Waƙa ɗaya ce ta fito da su: wadda take bin ƙofofin tsohon Zango gida-gida, tana kiran sunan mai kowane gida.

A bikin farko da suka yi wasa, Hajiya Mamunatu, wata dattijuwa 'yar Zango, ta ji sunan marigayi mijinta, ta yi kuka, ta sa wa Jibrilla albarka a gaban jama'a. Daga nan kuma shagonsa bai sake hutawa ba. Duk wanda ya kawo firij sai ya tambayi dalilin da ya sa aka tsallake ƙofarsu. Wani ya aiko tun daga unguwar Larlé, wai kakansa ne ya haƙa rijiyar masallaci. Jibrilla bai iya cewa a'a ba. Waƙa ta yi ta tsawo, har Rasmane yakan tashi ya sha ruwa ya dawo ba a kai rabi ba.

Jibrilla dai yakan ce don tarihi yake yi. Ni ban yarda ba. Iyayensa haya suka yi a Zango, ɗaki ɗaya a bayan gidan wani, babu ƙofar da ta taɓa amsa sunansu. Ga shi yanzu masu gidajen suna miƙa masa hannu biyu, suna ce masa ɗanmu. Wannan yake tsoron rasawa.

Sai wani gidan rediyo ya ce a kawo waƙar, amma gajera. Rasmane ya ce a bar gidaje kaɗan, a zubar da sauran. Jibrilla ya kasa zaɓa, ya yanke cewa a cire sunayen duka, don kada ran kowa ya ɓaci. Baba Illiya ya gaya masa mutanen nan ba gita suke zuwa ji ba. Bai saurara ba.

Aka sa ta a rediyo. A bikin sunan jikan Hajiya Mamunatu suka buga sabuwar, mata suka ci gaba da hirarsu. Da Jibrilla ya je gaishe ta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, yaro. Ɗan wane gida ne ma kai a Zango?"

Ya koma yana naɗe wayoyin gita.

Baba Illiya ya ci gaba shi kaɗai da gurminsa da sunayen, ba bikin da ba a kiransa. Rasmane ya sayar wa wata coci gangunansa. Jibrilla kuwa, in ka zauna a shagonsa, zai kunna maka gajerar a waya, ya dage cewa ta fi daɗi. Abin haushin, gaskiyarsa ce.