Hannun Hajiya da Kunamar Bindiga

Wai wata Hajiya 'yar Nijar ta kwashe bindigogin shagunan titin Gate City Boulevard kaf, za ta kafa soja. Ƙarya ne, ina wurin, guda ɗaya ma ta gagare ta.

Ga ta tsaye a shagon bindiga, siririya, hannu ba lalle, kamar wadda ta fita takaba jiya. An ajiye mata bindigogi biyu, tana juya ƙaramar, mai shago yana cewa wannan in ta tashi fizge hannu take. Babbar ba ta fizga sosai, amma yatsanta bai kai kunama ba.

Na ce, "Hajiya, yaƙi za mu?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Shagon da aka harbe maigidana, ni zan buɗe shi gobe. Ko kai za ka tsaya mini?"