Mutumin da Ya Hau Sikelin Wake

A kasuwar Illela, gaban rumfar masu wake, wani dattijo yana jiran a sauke buhu daga kan sikeli. Ban san sunansa ba. Rigarsa ta yi masa yawa, da alama an ɗinka ta ne tun yana da jiki. Gemunsa fari ne, amma sabon tsiro, mai laushi. Ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya hau.

Mai sikelin ya yi dariya. "Baba, kai ma garin Ƙonni za a loda ka kamar buhun wake?"

"Duba mani dai, ɗana. Mi ka gani?"

"Ka hi wancan mako nauyi. Wa ka ɗura maka tuwo haka?"

"Ɗiyata. Bara maganin ciwon daji ya kwantar da ni, ina ji ana buɗa-baki, ba ni ciki. Likita ya ce in jiki ya ci gaba da dawowa, bana ina iya azumi."

Ina zaton manomi ne daga ƙauyen Garu ko Tozai, gama kantar fartanya ba ta gama barin tafinsa ba. Shari'a ta ɗauke wa majinyaci azumi, amma ba ta ɗauke masa kewarsa ba. Tsarki ya tabbata ga Mai mayar da tsoka bisa ƙashi.

Dattijon ya sauko yana hamdala, ya nufi wajen mai tsire. Ga shi can zaune, yana ci a hankali, da natsuwar mai ibada.