Yadda Muryata Ta Je Gwarzo Ba Tare Da Ni Ba

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Jikata ta yi wankan jego a ɗakina a Garo. Ɗan da ta haifa mai rigima ne, ba ya barci sai na ɗora shi a cinya na yi masa waƙar reno da na gada wurin innata. Da arba'in ta cika za ta koma gidan mijinta a Gwarzo, sai ta kara mini waya a baki, wai in rera. Na rera ina mamaki. Shekarar nan mai ya yi tsada, ko zumunci sai an yi shawara kafin a hau mota.

Ashe waƙar ta zauna cikin wayar. In yaron ya tsananta kuka sai ta kunna masa, ya yi shiru, ita ma ta samu ta runtsa, don har ta fara ramewa. Daga nan ta tura wa wani zauren masu jego da suke da shi a waya, matan da yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. A nan suke tambayar maganin kumburin ciki da fitar haƙori, abin da mu dā sai mu leƙa ta katanga.

Rannan na je suna Lakwaya, sai na ji kaina ina waƙa daga jakar wata yarinya da ban sani ba. Na tambaye ta wace ce wannan. Ta ce wata tsohuwa ce, ana jin ma ta rasu.

Mijin jikata malamin Islamiyya ne, mai kunya. Ya zo har Garo a babur, ya durƙusa, muka gaisa muka sake gaisawa. Ya ce muryar ta shiga wayoyin da ke aljihun maza, yana ganin a goge, amma tawa ce, sai abin da na ce. Na san in an goge jikata ce za ta koma kwana a zaune.

Na ce, "Malam, muryar da ba haƙori wa za ta fitina? A bar ta. Amma ka gaya wa matarka, duk sanda ta kunna ta riƙa bi da bakinta, yaron yana jikinta. Waya ba ta da baya, ba ta goyo."

Ya yi murmushi, ya ce zai isar.

Jikata ta haddace waƙar, sai dai ta sauya mata wani wuri, na ƙyale ta. Malam yana nan yana koyarwa. Yaron ya yi wayo, yanzu awaki yake bi. Yarinyar Lakwaya kuwa ba ta yarda ni ce ba, har yau tana yi mini addu'ar samun rahama, ni kuma ina cewa amin.