Taku Bakwai Daga Kaskon Ƙosai

Shekarar da na samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, Mama ta kafa mini sharaɗi guda: ba za ta sa mini albarka ba sai na yi mata bayanin abin da zan je karantawa, ta gane. Makarantar kuma mako biyu ta ba ni in ba da amsa. Ni da ko Masaka da ke nan kusa ba na zuwa in Mama ba ta ce Allah ya tsare ba, balle in hau jirgi.

Ƙanƙara Mama take sayarwa a tashar mota ta Utako tun da ta baro noman doya a Yangoji. Masu zoɓo da masu fiya wata duk wurinta suke saye. Ba ta yi boko ba, amma duk tashar babu mai yi mata wayo.

Ranar farko na buɗe kwamfuta na nuna mata hoto. Na ce tauraro in yana jariri, ƙura da iskar gas ne ke kewaye shi kamar faifai. Kusa da shi zafi ya yi yawa, ruwa tururi ne kawai. In aka yi nisa akwai iyakar da ruwan ke daskarewa a jikin ƙurar. Daga nan ƙura ta fi manne wa juna, shi ya sa manyan duniyoyi suka fi haɗuwa a can. Wannan iyakar nake son karantawa.

"Wa ya je ya taɓa ya ji sanyin?" in ji Mama.

"Ba wanda ya je, Mama. Da na'urar hangen nesa ake gani."

"To ban gane ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kullum sai na sake dabara. Na zana a takarda, na jera lemo a tire, har fitila na ajiye a tsakiya. Ta cinye lemon ta ce ba ta gane ba. Ni kuwa ba ni da wuyar hawa, ran nan na rufe kwamfutar da ƙarfi har ta yi ƙara. Mama ta ce in ta fashe dai ba ita ta saya ba.

Saura kwana biyu na bi ta tasha, ina cika ina batsewa. Maƙwabciyarta a wurin Maman 'yan biyu ce, mai suyar ƙosai. Kowace safiya Mama tana ƙirga taku bakwai daga kaskon ƙosan, nan take ajiye buhunan ƙanƙararta da ta cusa wa dusar katako. Na sha gani, ban taɓa tambaya ba.

Da la'asar motocin Jos suka fara sauke mutane. Maman 'yan biyu ta tura itace, wuta ta tashi. Mama ta miƙa bayan hannunta wajen wutar, ta yi tsaki.

"Maman 'yan biyu, ƙosai kike soyawa ko jarina?"

"Ki matsa mana, uwar sanyi. Ni ma abinci nake nema."

"Ke, kama mu ja," Mama ta ce mini. Muka ja buhu taku uku baya.

Sai na tsaya riƙe da bakin buhu. "Mama, wallahi shi ne. Kaskon nan shi ne tauraron. Takunki bakwai su ne iyakar. Tauraron ma wani lokaci yakan haɗiye ƙura mai yawa ya ƙara zafi, iyakar ta ja baya, kamar yadda muka ja yanzu."

"Na sani," ta ce tana gyara dusa. "Kuma bayan iyakar ƙura ta fi mannewa, can ƙattan duniyoyin suke haɗuwa. Ba haka kika ce ba ranar da nake tsintar wake?"

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, ga dariya kuma tana cina. "Ashe tun ranar farko kin gane? Kika bar ni ina ta ɓarnar lemo?"

"Tun kina goye nake auna wuta da ƙanƙara, wannan ne zai gagare ni?" Ta goge hannu a zani, ba ta kalle ni ba. "Tun da kika shiga jami'a, daga gaisuwa sai ki shige ɗaki da littafi. Yanzu kwana goma sha biyu kina zaune gefena kina yi mini hira. Da na ce na gane, da ranar farko an gama."

Maman 'yan biyu garin sauraro har ta bar ƙosanta yana ƙonewa.

"Je ki rubuta musu kina zuwa," Mama ta ce. "Allah ya yi miki albarka. Amma kwana biyun da suka rage nawa ne ni kaɗai."