Muryar da Ake Yawo da Ita Ba ta Malam Sahabi Ba Ce

Da safiyar yau labari ya iso mini cewa Allah ya karɓi ran aminina Malam Sahabi, wanda ya daɗe yana koyar da sarrafa murya a sashen kiɗa da waƙa na jami'a. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa.

Kafin a dawo daga maƙabarta, mutum uku sun turo mini wani faifai a waya, wai muryarsa ce da aka ɗauka a Gwandu a shekarun 1950. Na saurara sau biyu. Raina bai kwanta ba.

A waɗancan shekaru tare muke hawa jaki daga Gwandu zuwa Kalgo, wurin wani dattijo mai bege. Yakan tsayar da mu a bakin fadama, mu rera baiti ɗaya ga manoman shinkafa na can ƙetare. Idan ba su maimaita kalmomin daidai ba, sai mu sake. Wanda ya ja numfashi a tsakiyar baiti kuwa, ya gama karatun ranar.

Ni ake yawan kora. Sahabi kan biyo ni da furarsa gindin wata tsamiya inda wanda aka kora ke zama, mu raba.

Da wannan ƙa'ida ta riƙe numfashi ya horar da ɗalibansa na jami'a har ya yi ritaya.

Mai muryar faifan nan yana jan numfashi ya yanka baiti gida biyu, har sau huɗu na ƙirga. Kuma ban taɓa ganin na'urar ɗaukar murya a Gwandu ko inda muke karatu ba.

Watan jiya na je duba shi a asibiti. Na ɗauko masa wani tsohon baiti, numfashi ya yanke mini. Ya ɗaga yatsa daga kan gado ya ce, "Bawa, mi kaka yi haka? Koma gindin tsamiya."

Ban zargi kowa da suna ba. Tsorona shi ne ɗalibai su kwaikwayi wannan faifai, su koyar da kuskure da sunan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara shi.

Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ku sa shi a addu'a.

Ina kuma roƙon haɗin kanku: a dakata da tura faifan. Wanda ya fara ɗora shi, ya zo ya faɗa mini inda ya samo shi, tun ina da ran da zan ba da shaida.