Bahago da Bido Tara na Biba

Kullum da hantsi za ka ga Malam Bahago yana bin lungunan Agadez, tsohon cokali a aljihu, ƙusa a hannu. Da can lambu gare shi a bakin ƙoramar Telwa, har rijiyarsa ta ƙafe. Tun daga nan ya zama likitan tumatirin da mata ke shukawa a yankakkun bido, wato jarkokin roba.

Cutar kuwa mu mata mu ke jawo ta. Mu dai in muna son abu sai mun ɗura masa, kamar baƙo da shayi. Haka wata 'yar unguwarmu, Biba, ta yi. Ɗan irin da marigayi mijinta ya bari a ƙullin tsumma, shi ke nan ya rage mata, ta shuka bido tara. Da ta ga sun yi nawa, ta zuba ɗanyen kashin awaki, ta bi da takin zamani. Kwana uku ganye ya ƙone, ƙasa ta yi farin ɓawo.

"Baba, na kashe su ko?" in ji ta, da Bahago ya zo dubawa.

"Ƙoshi ne ya yi musu yawa, ɗiyata. Kawo ruwa."

Ina ruwan? Kwana huɗu pampon unguwar bai zubo ba. Bahago ya koma gida ya kwaso na randarsa. Ya kankare ɓawon da cokali, ya ƙara huda gindin kowane bido, ya dinga zubawa sannu. Abin da ya tsiyayo sai ya dangwala ya ɗanɗana, ya ce, "Da saura." Bai bari ba sai da gishirin takin ya bar harshensa. Duk da haka takwas suka mutu. Guda ya yi toho, iri bai ɓace ba.

Kai ne, Bahago, ka kwana da ƙishirwa don shukar wata. Shekara ashirin muna ce maka tsoho mai lasar laka, ba wanda ya ce koya mini. Abin na ci mini rai.

Yanzu idon Bahago ya tafi, ba ya gani. Ranar Alhamis ɗansa Amadou zai wuce da shi Fachi. Biba ta kai masa sabon iri guzuri, ya mayar mata, ya haɗa da cokalin.

"Riƙe abinki. Garin gishiri za ni, wace randa za ta wanke shi?"

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mai son koyo ya je kafin Alhamis. Cokali dai yana hannun Biba, amma harshen zai hau mota.