Rufin da Kawu Idi Ya Yi Mana Don Sanyi

Jiya na ga wani kafinta a kan rufi, sai na tuna Kawu Idi, na kama dariya ni kaɗai.

Ƙanen Babanmu ne. Daga Jos ya zo aikin Hajji a shekarun saba'in, ya zauna wajenmu a unguwar Karantina ta Jidda. Rufinmu na gwangwani ya ruɓe, ya ce shi zai sake mana.

Ya sa kwano sabo fil. Sannan ya bi 'yar kafar da ake bari tsakanin bango da rufi don iskar teku, ya toshe ta da buhuna tsaf, wai kada sanyi ya kashe yara.

Da azahar ɗakin ya koma tanda. Man shanun Inna ya narke a kwarya.

Baba yana sharce gumi ya ce, "Idi, ina sanyin naka?"

"Yaya, yi haƙuri, yana hanya."

"Sanyi ba shi da takardar iƙama a Jidda! Yalla, hau ka cire!"

Ya hau ya cire, sanye da rigar sanyinsa, don kada a ce ya sallama.

Allah ya jiƙan Kawu. Ku wa ya taɓa yi muku irin wannan gyaran?